Kawu Iliya da Ƙofar da Ya Bari a Buɗe

Duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu na Kakuri a zamanin Kawu Iliya ya san ba a doguwar gaisuwa a bakin ƙofa. Kana taɓa mariƙi za ka ji muryarsa daga ciki: "Ciki ko waje?" In ciki ne, to ka shigo da sauri ka turo ƙofar da diddige. In kuwa ka tsaya kana ina kwana ina gajiya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, da kansa zai taso ya rufe, ko da hancinka na kan hanya. Ku da kuka san shi ai ba sai na rantse muku ba. Har Pasto bai tsira ba! Ranar da ya zo yi mana addu'ar sabuwar shekara ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu sama, ya fara "Salama ga wannan gida," Kawu ya lallaɓo ya turo ƙofar garam. Muka yi tsuru-tsuru. Can sai muka ji shi yana magana ta jikin katako: "Ci gaba, Pasto. Allah na ji ko ƙofa a rufe take. Sauro kaɗai take hanawa."

Maganarsa ɗaya ce kullum, har yaran layi sun haddace ta: "Ƙofar da ba ta rufuwa ba ƙofa ba ce, rami ne."

Ni Rifkatu, 'yar ƙanwarsa ce. Da na auri Danladi, ma'aikacin masaƙa, Kawu ya ba mu ɗaki biyu a gidansa. Ɗaya ɓangaren kuma Mama Doshima ce ke haya, 'yar Binuwai mai sayar da sakwara a bakin titi. Ina son Kawu, amma bari in faɗi gaskiya tun yanzu, tsoronsa nake ji. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ɗakinsa na baya nake tsoro, da abin da yake kiwo a ciki.

Ya daɗe a Turai yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wasu masana, shi ke haɗa musu na'ura, ya wanke kwalabe, ya zauna gaban allurar awo daga safe har yamma. Da aka ce zai dawo, dangi suka share wurin ajiye mota. Sai ga Kawu ya sauko daga bas da akwatin ƙarfe ɗaya, ba mata, ba mota, ko rediyo babu. Dukiyarsa biyu ce. Ta farko wata 'yar kwalba ce mai tsawon ɗan yatsa da ya sako a aljihun riga. Ta biyu wata doguwar takarda ce siririya kamar tef ɗin tela, wadda yake ajiyewa a cikin Littafi Mai Tsarki. Layin tawada ne kawai a jikinta, ya tafi a miƙe, ya yi tsalle sama kamar matakala, ya ɗan yi tafiya, ya faɗo. In ya ga dama da kai sai ya warware ta a kan gwiwa, ya ɗora yatsa: "Nan ta buɗe. Nan ta rufe." Ya dube ka yana jiran ka yi salati.

Danladi ne ya fara yin kasadar tambaya: "Kawu, wai mece ce ta buɗe?"

Wayyo! Ranar tuwo sai da ya yi sanyi.

"Danladi, in za ka fita da bandir ɗin yadi daga masaƙa, me maigadi ke tambayarka?"

"Get-fas, Kawu, takardar izinin fita."

"Yawwa. To ƙwayar cuta ma masaƙa ce. Ido ba ya ganinta, amma tana da fata ta maiƙo da ta kewaye ta kamar katanga. A ciki take saƙa kayanta, furotin ake ce masa, wani kuma dole a fitar da shi waje. A jikin fatar nan akwai ƙofa, ita ma da furotin aka yi ta. Duk kayan da zai fita yana da ɗan guntu a goshinsa, shi ne get-fas ɗinsa. Yana taɓa ƙofar sai ta buɗe, ya zurara ta ciki kamar zare a kafar allura, ya cika ta tam. Yana wucewa ta rufe."

"To in ta ƙi rufuwa fa?"

"Sai mutuwa! Gishirin cikin ƙwayar da na waje ba ɗaya ba ne, shi kuma gishiri in ya narke a ruwa lantarki yake ɗauke da shi. Wannan bambancin shi ne batirinta. In ƙofa ta zauna a buɗe, gishiri ya yi ta kwarara, batir ya tsiyaye, ita ma ta bi shi."

Ya ce a can Turai wayo suka yi wa ƙofar. Suka miƙa mata get-fas kaɗai, babu kaya a bayansa. Ita kuma sarkin yarda ta buɗe, gishiri ya bi ta ciki, allurar awon lantarki ta yi tsalle, alƙalamin na'ura ya zana tsallen a takarda. Shi ke zaune a wurin ranar, shi ya fara gani. Ya kuma haƙiƙance cewa dole akwai toshiya a cikin ƙofar, irin ta kwalba, in ba haka ba me ke tare gishirin in ba kayan da ke wucewa? "Ban gan ta ba," in ji shi, "amma tana nan." Burinsa a duniya guda ne, ya sake ganin ƙofar nan ta buɗe, a Kakuri, da hannunsa.

To kun ji dalilin ɗakin baya. Sau biyu na taɓa leƙawa, duk biyun kuma sai da na yi mafarki. Akwai keji na wayar kaji, babu kaza a ciki, sai wani ɗan kofin roba mai huda da wayoyi sun fito daga jikinsa. Teburin a kan tib ɗin tayar mota yake zaune, guda huɗu, an hura su, wai don kada ƙasa ta girgiza shi. Wajen mai facin bakin mahaɗa ya sayo su, bayan ya yi kwana uku yana ciniki. Ga batirin mota, ga allurar awo, ga kanta cike da kwalabe masu ruwa gurɓi-gurɓi, 'ya'ya da jikokin waccan 'yar kwalba ta aljihu. A kan hudar kofin yake shafa maiƙo da wani buroshi mai gashi bai fi uku ba, har ya yi fata wadda ba ta kai kaurin kumfar sabulu ba. Ko tari ka yi sai ta fashe.

Saboda haka aka kafa doka a gidan: ranar Asabar, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, ba daka, ba tsalle, ba buga ƙofa. Ku tuna fa da wa muke zaune, mai sakwara! Asabar ta farko Mama Doshima ta ɗora taɓarya, tim, tim, tim. Sai ga Kawu ya fito fuskar nan kamar an yi masa rasuwa.

"Mama, turminki ya kashe mini fata uku."

Ta saki taɓarya. "Fatar wa, Baba?"

"Tawa. Yanzu zan sake yin wata."

Ta dube shi daga sama har ƙasa tana neman inda fatar ta ɓare, ba ta gani ba. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya: "Rifkatu, abeg, wannan kawun naki mutum ne kuwa?" Daga ranar take kai turminta bayan katanga duk Asabar, tana daka tana waƙar coci da ƙarfi don kariya.

Su kuma abin kiwon nasa ba sa cin tuwo. Romon ƙashi yake dafa musu, ya tace, ya sake dafawa a wata tukunya mai fito da ya zo da ita. Kawu da ba ya sayen nama sai Kirsimeti, ba ya ajiye sukari a gida wai ɓarna ne, shi ne kullum a wajen mahauta yana zaɓen ƙashi. Su za su sha romon, shi ya tsotsi ƙashin. Na ce, "Kawu, kai ne mai gida ko su?" Ya ce, "Su suka fi yawa. Yanzu kuma an ce masu rinjaye ke mulki."

Abin da ya ɓata shi da unguwa shi ne bai iya sassauta gaskiya ba. Da wani ne, in an tambaye shi abin da ke ɗakin sai ya ce magani yake haɗawa, a zauna lafiya. Ba Kawu ba. Ko wa ya tambaya sai ya ce, "Ƙwayoyin cuta ne. Nawa ne. A cokali ɗaya sun fi mutanen Kaduna yawa." Mata suka hana yaransu zuwa ɗauko ƙwallo in ta faɗa gidanmu. Ni kaina in zan wuce ƙofar ɗakin sai na toshe wa 'yata Saratu hanci da bakin zane, in ɗauke numfashi. Abin da kawai ke kwantar mini da hankali shi ne ƙofar nan a rufe take, kullum, shekara takwas.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula. Kun tuna yadda garin yake. Kowa ya sami baki, kowa ya zama mai hukunci, amma zukata a ɗar-ɗar suke, ko taya ta fashe a titi sai kasuwa ta watse. Mai facin nan na bakin mahaɗa ma ya tsaya zaɓe ya ci kansila, ya ɗinka babbar riga, aka koma ce masa Onarabul. Da damina ta yi nisa sai amai da gudawa suka shigo layinmu. Ranar Alhamis aka kwashi mutum biyu zuwa asibiti. Ranar Juma'a ɗan gidan bayanmu, wanda jiya-jiya yake wasa da Saratu, ya rasu kafin a sami mota. Na ga an fito da shi a zanen uwarsa, ya koma ɗan mitsitsi kamar ba shi ba.

Asabar da hantsi Saratu ta fara. Shekararta biyu. Kafin in canja mata zane na biyu idonta ya faɗa ciki, na ja fatar cikinta ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Danladi ya fita da gudu neman mota, ga ruwan da aka kwana ana yi ya cinye hanyar, bas ba ya shigowa. Na ɗauki bokiti zan ɗebo ruwa a rijiyar layi in wanke zannuwa. Ina fitowa tsakar gida na daskare.

Ƙofar ɗakin baya a buɗe take, wangame. Ga keji, ga kwalabe a jere suna kallona. Kawu ba ya nan.

Ban san yadda na kai rijiya ba. Mata sun fi shida a wurin, kowa fuska ba daɗi. Wata ta ce, "Maman Saratu, lafiya kike rawar jiki?" Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Saratu ce ta kamu. Ni dai ban ce komai ba, amma ɗakin Kawu a buɗe yake." Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba. Na ja gugana daga wannan rijiya da Kawu ya shekara yana cewa a yi mata marfi, a kuma dafa ruwanta kafin a sha, muna cewa fitinarsa ce kawai. Na koma gida.

Ina shiga ɗaki sai ga Kawu ya faɗo gidan, daga shi sai singileti da ɗaurin zane, laka har gwiwa, ƙullin sukari a hannu. Ya shige madafa, na ji ƙarar cokali. Ya fito riƙe da koriyar kwalba, ruwan ciki gurɓi-gurɓi, sak irin na kantar ɗakinsa. Ya nufo ni yana cewa, "Rifkatu, ɗago min kanta." Ni kuwa na ja da baya, na turo ƙofata, na danna sakata.

Sai na ji abin da tun da nake ban taɓa ji daga bakinsa ba. "Rifkatu, buɗe."

"Ba zan buɗe ba, Kawu."

"Gishiri ne da sukari, da dafaffen ruwa. Babu komai a ciki."

"Daga ɗakin nan ciwon ya fito!"

Kafin ya amsa muka ji hayaniya daga waje. Maganar da na yar a rijiya ta yi ƙafa ta zaga unguwa, ta dawo da mutane. Ta tagar ɗakina na gan su suna tuɗaɗowa tsakar gida, maza da mata, har da uban yaron da ya rasu, idonsa jawur. Wasu samari biyu na riƙe da jarkar fetur. A gaba Kansila ne cikin babbar riga, yana tattare ta saboda laka. Na san in aka kunna wa ɗakin baya wuta, rufinmu ɗaya ne, ni da Saratu muna ƙarƙashinsa. Na kuma san ba ɗakin kaɗai za su ƙona ba.

Kun san abin da Kawu ya fara ce musu? "Na ƙarshenku ya rufe ƙofar gida."

Wallahi wani ya juya ya rufe.

Kansila ya gyara murya. "Baba Iliya, jama'a sun kawo ƙara. An ce kana kiwon cuta a ɗaki, ta kuma kuɓuce. Yanzu ba zamanin soja ba ne da kowa zai yi abin da ya ga dama."

"Ina kiwo, Onarabul, ba ƙarya suka yi ba. Amma nawa ba sa sa gudawa. Irin waɗanda ke zaune lafiya a hanjin kowa ne. Kai ma kana da su."

"Ni?"

"Ka fi kowa a nan, dubi yadda tumbin ya fito tun da aka rantsar da kai. Kuma teburin da nake aikin a kan tib ɗinka yake zaune. Huɗu ka sayar mini, ɗaya ma yana sacewa."

Mutane suka juya suna kallon Kansila. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Amma uban yaron bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana na ƙasa, kana mana wasa?" Samarin suka kwance murfin jarka, warin fetur ya shigo har ɗakina. Saratu ta sake yin amai, wannan karon ko kuka ba ta iya yi ba, kanta ya langaɓe a hannuna.

Kawu ya juya wa taron baya kamar ba su nan. Ya kafa bakinsa a jikin ƙofata, ya yi magana a hankali.

"Rifkatu, saurara. Ciwon nan ya buɗe ƙofofin hanjinta, gishiri na fita, ruwa na bin sa. Tsiyayewa take yi. Amma akwai wata ƙofa a hanjin da ciwon bai taɓa ba. Ba ta barin gishiri ya shiga sai ya zo tare da sukari. Sukarin ne get-fas. In suka shiga, ruwa zai bi su. Ba ni da wani abin da na sani a duniya sai wannan. Bar ni in ba ta."

"Ina tsoro, Kawu."

Ya zo gaban taga, ya kafa kai ya shanye rabin kwalbar a idona.

Na ce, "Kai ai ka saba da su."

Allah ya yafe mini, haka na ce masa. Ya tsaya yana kallona ta wayar taga, sukari a gemunsa. Sannan ya ce, "In na kashe su a gabanki, duka, za ki buɗe?"

Na san abin da nake karɓa daga hannunsa. Na san ba zai sake samun irinsu ba, ba mai sake kai shi Turai. Na dubi Saratu, na ce, "Zan buɗe."

Ya ratsa mutane ya shiga ɗakin baya, ya fito da tukunyarsa mai fito da kwalaben rungume a ƙirji. Taron ya dare gida biyu, mata na toshe hanci. Murhun Mama Doshima na ci da wuta, doyarta na kai. Ya ce, "Mama, ara mini wuta." Ta sauke tukunyarta da sauri tana cewa, "Wuta kawai fa, Baba, ba tukunyata ba!" Ya sassauta murfin kowace kwalba, ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce 'yar ƙaramar nan ta aljihu. Ya ɗan riƙe ta a tafin hannu, sannan ya sa ta a tsakiya, ya zuba ruwa, ya ɗaure murfin tukunya.

"Onarabul, matso ka zama shaida, tunda kai ne hukuma."

Kansila ya matso yana hura hanci, ya tsaya dab da murhu hannu a ƙugu. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar itace. Ni ina bayan ƙofa, hannuna ɗaya a kan sakata, ɗaya a ƙirjin Saratu ina lalubar numfashi. Ban taɓa ganin ruwan da ya ƙi tafasa irin na ranar ba. Sai tukunya ta yi fiiiit! Jama'a, Kansila bai tsaya neman ƙofa ba, katanga ya haura, ya bar mana takalmi ƙafa ɗaya da rabin babbar riga a jikin ƙusa. Samarin fetur suka bi bayansa, jarka a ƙasa.

Ni kuma na zare sakata.

Kawu ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Saratu a cinyarsa. Cokali ɗaya, ya jira. Cokali ɗaya, ya jira. Ta amayar, ya dakata kaɗan, ya sake farawa. Mama Doshima ta dafa wani ruwan, ya gaya mata awon, ta haɗa kwalba ta biyu da hannunta. Uban yaron nan da ya rasu bai tafi ba, yana tsaye bakin ƙofa yana kallo, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, Kawu kuma bai ce masa komai ba. Can mutumin ya ce, "Baba, ƙaramar tawa ma ta fara." Kawu bai ɗago ba ya ce, "Mama, haɗa ta uku." Sai bayan azahar Danladi ya samo motar burodi. A asibiti nas ta sa wa Saratu ƙarin ruwa, ta tambayi wa ya yi ta ba ta na baki. Na ce kawuna ne. Ta ce in je in gode masa, don ba don shi ba, da ba ta iso ba.

Bayan kwana biyu ma'aikatan lafiya suka zo suka leƙa rijiyar layi, suka ga ruwan sama ya haɗa ta da masai na gidan kusa. Aka zuba mata magani, aka yi mata marfi. Kawu ya je ya duba marfin, ya ce bai zauna daidai ba.

Sai da Saratu ta fara gudu a tsakar gida sannan na iya tunkararsa. Na same shi yana sace iskar tib ɗin nan huɗu, yana naɗe su. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni ce na yi maganar a rijiya."

"Na sani. Bakinki ba shi da toshiya, tun kina yarinya."

"To me ya sa ka bar ƙofar a buɗe ranar?"

Ya ci gaba da naɗin. "Na shafa fata ta zauna lafiya, rabon da ta zauna haka har na manta. Sai na ji aman yarinyar ta bango. Na san irinsa. Na tuna ba sukari a gidan." Ya ɗaure tib ɗin da igiya. "Ai na sha gaya muku, ƙofa in ta zauna a buɗe mutuwa ce. Ga shi ta kashe su."

Na fashe da kuka. Ya ce in tashi, ina jiƙa masa siminti.

Bai sake haɗa na'urar ba. Kejin ma kaji aka zuba a ciki daga baya. Ya soke dokar Asabar da bakinsa, amma har Mama Doshima ta koma garinsu ba ta sake daka a gidan tsakanin goma da sha biyu ba. In na tambaye ta sai ta ce hannunta ne ke ciwo a lokacin.

Saratu kuwa, kun san ta, ilimin ƙwayoyin cuta ta je ta karanta a jami'a, duk yadda na so ta yi aikin banki. Wani hutu ta dawo ta zauna gefen gadon Kawu, lokacin ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Ta buɗe masa wani hoto a waya, wasu abubuwa murɗe-murɗe masu launi. Ta ce, "Kaka, ƙofarka ce. Masana sun daɗe da gano siffarta. Ka ga wannan ɗan guntun a tsakiya?" Ya kai wayar dab da hancinsa, ya daɗe.

"Toshiya ce?"

"Toshiya ce, Kaka. In kaya ya zo sai ta kauce."

Na zaci zai yi ihu ya tara unguwa. Sai ya miƙa mata wayar ya ce, "To rufe ta, kada batir ya tsiyaye." Ya juya fuska bango. Ina ganin kafaɗarsa na rawa, na ja Saratu muka fita, muka rufe masa ƙofa a hankali. Da yamma ya kira ta, ya zaro doguwar takardar nan daga Littafi Mai Tsarki ya sa mata a hannu. Tana wajenta har yau.

Daminar bara ya tafi, ranar Asabar da hantsi, gidan shiru kamar yadda yake so. Har yanzu in na wuce ɗakin baya sai na taɓa mariƙin in ji ko a rufe yake, in tuna ni ce na taɓa rufe masa ƙofa, shi kuma ya biya da duk abin da ya mallaka don in buɗe.

Ya Ubangiji, ga bawanka Iliya nan ya iso, ba shi da get-fas sai cokalin nan da ya riƙe. Ka buɗe masa ƙofar jinƙanka, ka ba shi hutawa. In ya shiga kuma, don Allah a rufe a bayansa da sauri, in ba haka ba ba zai zauna ba. Amin.